Fartanya Ta Shiga Kwarin Yaɗiya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban masu binciken ganyayen daji, wanda ya aiko da mutanensa ƙasar Kankara.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girma, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Sunana Malam Barau, manomi a wata unguwa yamma da Mabai. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Malam Sule mai rubuta wasiƙa a bakin kasuwar Kankara shi ke riƙe da alƙalami, na kuwa hana shi gyara mini magana. Na ce a kai ta jarida ne don sau biyu ina ba ɗan kwangilarku saƙon baki, ban ji ko tari ba.

Ranka ya daɗe, tsoro ne ya zaunar da ni gaban mai rubutu, ga kuma dalilina.

Na farko. Bara da kaka jami'inku ya zo neman wanda ya san ganyayen daji, mai unguwa ya turo shi wurina. Mutum ne mai ladabi, ya tuɓe takalmi, ya sha furata. Baƙo ya tambayi hanya, ni kuwa ban saba ɓoye wa baƙo hanya ba. Da ƙafata na kai shi Kwarin Yaɗiya, na taya shi cika buhu guda da ganyen yaɗiya. Da bazara ya dawo yana murna, ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu. Ya ce kuna da wani ruwa mai cin ganye a hankali, kamar yadda tumbin saniya ke narkar da ciyawa, ba sai an azabtar da shi da wuta ba. Idan ruwan ya gama aikinsa, sai ganyen ya saki wani abu dangin sitaci, wanda ke hana jikin mutum lalacewa ta ciki kamar yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa. Ban musa ba. Iyayenmu sun san akwai alheri a ganyen nan tun ba a yi kwalba ba. Amma na ɗaga kwalbar na duba, garin da ke ciki bai wuce cokali ba. Na ce, buhun nan duka? Ya ce duka. Tun ranar nake lissafi. In buhu cokali yake bayarwa, buhu nawa za a nema kafin ya ishi mutanen birni?

Na biyu. Wataƙila ba a gaya maka mene ne kwarin nan a wurinmu ba. Ina yaro fara ta cinye gero, shekarar da ta biyo ruwa ya ɗauke. Rumbuna suka zama wurin kwanan kaji, daga baya kajin ma babu. Komai na daji ya bushe, sai yaɗiya, don ita saiwarta na can ƙasa inda rana ba ta kai. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan fita da ƙwarya, ta dafa ganyen, ta zubar da ruwan ɗaci, ta cuɗa da 'yar dusa. Ƙanwata Hajara ba ta kai ga damina ba, ta yi ƙanƙanta da cin ganye. Mu huɗu muka kai. A farin da aka yi shekarun nan ma, wanda kowa ya gani, motar hatsin taimako iyakarta cikin gari. Kafin mudu ya iso mana, matanmu sun yi wata biyu suna ciyar da mu daga kwarin nan.

Shi ya sa yake da doka, ko da ba a rubuce take ba. Ƙarfe ba ya shiga. Mata ke tsinka da farce, ganye ganye, su bar kan reshe. Yaɗiyar da ta yi 'ya'ya ba a taɓa ta sai kwanson ya fashe iska ta kwashi irin. Gindi kuwa ko akuya aka gani tana tona shi korarta ake yi. Babu dogari, babu tara. Yunwa ce ta kafa dokar, waɗanda suka gan ta suka riƙe.

Na uku, nan ne ɓarnar take. Da damina ɗan kwangilarku ya kafa sikeli a gindin tsamiya ya ce yana sayen ganyen yaɗiya. Da ganye ya zama abin sayarwa, sai maza suka karɓe aikin daga hannun mata. Namiji kuwa bai san tsinka ba, abin da hannunsa ya sani shi ne cirar gyaɗa. Suka shiga da fartanya da sanda, su sare ta daga gindi, su finciko har saiwa, su ɗauro dami su kawo inuwa, a zauna ana hira ana zage ganyen. Ya fi sauri, ban ce bai fi ba. Saiwoyin suna nan tsibi a bayan gari, wasu sun kai kaurin damtsena. Waɗannan sun girme ni, ranka ya daɗe. Na je na zauna kusa da su.

Matata Hajiya Abu ta tare su a hanya da ƙwaryarta, suka ratse ta suka wuce. Ni na tare Sani, ɗan ƙanena, a kan sabon babur ɗinsa. Ya ce, “Baba, zamanin cin ganye ya wuce. Ƙasa ta haƙo mai, shinkafa ma a jirgi take zuwa.” Na ce, to ranar da jirgin ya ƙi zuwa fa? Ya yi dariya ya ce in ta kai ga haka zai kawo mini burodi daga birni. Ba mugun yaro ba ne. Bai taɓa ganin uwa tana raba ganye da cokali ba. Rabin samarinmu suna can birni suna ɗaukar siminti, sauran suna nan suna tone abincin 'ya'yansu. Ni ban san mai ba, ban taɓa ganin rijiyarsa ba. Na dai san duk rijiyar da na sani ta taɓa ƙafewa.

Yau abin da ya rage a kwarin bai fi gefen dutse ba, inda fartanya ba ta samu shiga ba. Inda aka tone na koma bayan ruwa ya sauka sau uku, ko tsiro ɗaya babu. An ce motarku mai kwasar ganye za ta dawo bayan girbi.

Ga roƙona. Ka hana ɗan kwangilarku karɓar ganye daga hannun kowa sai matan da suka tsinka da farce, a gaban Hajiya Abu ko wata tsohuwa irinta. A bar gefen dutsen nan shekara uku kada a taɓa. In kuna son ganye da yawa, ku da kuka iya narkar da shi a kwalba ba za ku kasa shuka shi ba. Zan tara muku iri da hannuna in iska ta bar mini. Kuma ka zo da kanka, ko ka aiko jami'in nan da ya sha furata, ya tsaya a kan tsibin saiwoyin ya gani. Na tabbata ba haka ya nufa ba.

Saura magana ɗaya. An aiko mini cewa kuna so in raka ku in nuna muku sauran wuraren da take, ta wajen Faskari da Sabuwa. Na san su. Uku ne, mahaifiyata ta nuna mini su muna tafe da yunwa, kuma duk wanda ya san su ban da ni yana ƙasa. Ba zan nuna ba. Ko Sani ban gaya wa ba, ko mai rubutun nan da ya ɗaga kai yana kallona. Amma ka san abin da ke hana ni sakewa? Na tsufa, ƙafata ta fara gardama. In na faɗa, a tone. In na yi shiru na mutu, ranar da yunwa ta dawo jikokina za su wuce ta kusa da abinci ba su sani ba. Kai kaɗai za ka iya fitar da ni daga wannan. Ka fitar da fartanya daga kwarinmu, in ga yaɗiya ta sake kama ƙasa, sannan in kira matan gidana in gaya musu hanya. Ka hanzarta, don ban san kwana nawa suka rage mini ba.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa aikinka ya amfani jama'a, ya tsare ka da zuriyarka daga ganin shekarar da za ku nemi ganyen nan don ciki.

Wassalam.
Malam Barau, daga yammacin Mabai.