Ni Na Ce Ka Yi Sauri

Assalamu alaikum, Yaya Nura.

Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Amma ban iya faɗin magana da baki ba, kai ma ka sani.

Gida lafiya. Ruwan dam ɗin Zobe ya ja baya, Baba ya dasa tumatir, sai dai ya ce kada kowa ya taɓa injin ban-ruwanka. Inna har yanzu takan ɗebo kwano huɗu, sai ta mayar da ɗaya.

Malamin da ke koya maka tuƙin jirgin sama ya zo har nan Kurfi ranar addu'ar arba'in. Dattijo ne ashe. Ni da nake zaton irin matuƙan cikin littattafaina ne, masu baƙin gilashi. Ya durƙusa gaban Baba yana hawaye, Baba ya ƙi ba shi hannu. Tun ranar ake gardama a ƙofar gida. Baba ya ce ɗalibi bai kamata ya tayar da inji ba sai malaminsa na tsaye a kansa, don haka wanda ya bar ka da makulli shi ya kashe ka. Kawu Sale ya ce ai doka ta ce ka jira, kai ka ƙi. Malamin kuwa cewa ya yi alwala kawai ya je, kuma bai san abin da ya sa yaro mai natsuwa kamarka ya yi gaggawa ba.

Ni na sani, Yaya.

'Yan ajinmu a Dutsin-Ma suka ce ƙarya nake, wankin jirgi kawai kake yi. Na roƙe ka ka ɗauko min bidiyo kana tayar da shi. Ka ce malam ba ya yarda da waya. Na yi fushi, kwana uku ban ɗaga kiranka ba. Me ya sa ba ka ƙyale ni da fushina ba? Da can ba dariya kake min ba?

Saƙonka na ƙarshe yana nan. Ka ce malam ya fita, batir ya yi sanyi, za ka sauka ka juya farfelar da hannu, wai wanda ya saba tayar da injin ban-ruwan Zobe shi kaɗai tun yana ƙarami wannan ba komai ba ne. Ka ce in jira. Ka san abin da na rubuto maka? Na ce ka yi sauri, an kusa fita hutun tara, ina so in nuna wa 'yan ajinmu.

Wasu lokutan nakan ce da malamin yana wurin, da ko hannunka bai kai ga farfelar ba. Gaskiya ne. Amma ai fitarsa muka jira, ni da kai.

Na daina karatun littattafan. Duk wanda ya mutu a ciki, wani mugu ne ya jawo. Ban taɓa cin karo da wanda ƙanwarsa ce ba.

Gobe bayan an sauko Juma'a zan miƙa wa Baba wayar. Ina tsoro ƙwarai. Ban san ko zai sake kirana Uwata ba. Amma malamin nan, bawan Allah, yana can yana ɗauke da kaya shi kaɗai, kuma rabi nawa ne.

Ka yafe min. Allah Ya haskaka kabarinka.

Ƙanwarka,
Safiya