Jikan Buraiman Akurait

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024
Makarantar da nake wa direba ta yi sabon malami, wani dattijon Bature. Ya ga iƙamata, katin izinin zamana a ƙasar nan ta Larabawa, ya tsaya cak. "Basiru Arkwright? Daga Najeriya?" Na ce eh, na kau da kai. Tun ina firamare a Bukuru sunan nan yake ja mini tsokana. Jikan kuku. Ɗan Bature baƙi.

Laraba, 7 ga Fabrairu
Yau ma shi na ɗauko daga unguwar Badi'a. Wai sunan daga arewacin Ingila ya fito, ma'anarsa mai ƙera akwatin katako. Ya ce ko a can ba su da yawa. Kafintoci ashe! Ni da na ɗauka sunan manya ne.

Juma'a, 9 ga Fabrairu
Bayan masallaci na kira Goggo Maimunatu, ƙanwar Baba. Ita kaɗai ta rage. Ta yi ta dariya har da tari. "Buraima uku ne a barikin haƙar kuza, ɗan nan. Dole a bambanta su. Babanmu shi ke dafa wa Bature Akurait abinci, sai ya zama Buraiman Akurait." Da aka kai Baba elimantare, haka malami ya rubuta. Shi ke nan fa tarihin.
Ta ce ranar da Baturen zai koma gida, shi da Kaka duk sun yi kuka a tashar jirgin ƙasa. Ban taɓa jin wannan ba.
Bayan mun gama na zauna a bakin gado. Ƙamshin burodin da Kaka ke gasa mana a tukunya ranar Sallah. Sanyin Bukuru. Mu tsugune, muna jiran ɓawon.

Talata, 20 ga Fabrairu
Matata Bilƙisu ta shiga watanta, tana gidan iyayenta a Jos. Na sake jaddada mata: ɗana ba zai ɗauki sunan nan ba, Basiru kawai ya ishe shi.

Alhamis, 29 ga Fabrairu
Na kira Goggo. Ba ta gane ni ba. Sunan Baba take ta kira na da shi.

Asabar, 9 ga Maris
Mace ce, alhamdulillahi! Lafiya lau, ita da uwar. Abokan ɗakina a unguwar Manfuha sun sayo kabsa, dafa-dukan shinkafa da nama. Bilƙisu ta kira daga asibiti, wai suna tambayar sunan iyali. Sai na ji bakina yana jero mata haruffan, ɗaya bayan ɗaya, har da w ɗin da ba a furtawa.
Ta ce, "To fa, Baban Baby."
Don dai ya zo daidai da fasfona ne.