Na karya hannun da ya tsaya mini

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku bari in kai ƙarshe kafin ku zage ni.

Ni ɗan Damagaram ne, ina da 'yar butik, wato ɗan shago, a unguwar Sersouf, nan Tamanrasset ta Aljeriya. Baƙo a garin nan ba ya samun kaya bashi sai ya yi suna, sunan kuma ba ya samuwa sai ka ci bashi ka biya. Shi ya sa na buɗe kiredi, wato ɗaukar kaya bashi, wajen manyan 'yan kasuwa uku, kowa ya ba ni katinsa mai hatimi, kowa yana zaton da shi kaɗai nake hulɗa. In sayar da taliya in biya mai madara, in sayar da madara in biya mai man girki. Ban taɓa saɓa rana ba, sai da kamiyon da ya ɗauko mini kaya ya lalace a hanya, a In Amguel, lokacin biya ya wuce, hannuna wayam.

Mutum ɗaya ne ya san da katunan nan, Habu magini, abokina tun ƙuruciya, mota ɗaya ta kawo mu. Wata safiya ma'aikatan Balaraben da ke ba ni madara suka faɗo butik, suka watsar da kaya, ɗaya ya shaƙe ni da rawanina ya buga goshina a jikin kantar shagon a gaban masu saye. Suna fita maƙwabcina ya ce, "Jiya fa na ga Habu a buron Balaraben nan, cikin ofishinsa."

Wallahi ban tsaya tunani ba. Wa zai tona mini asirin katunan nan in ba shi ba? Na nufi wurin ginin da yake aiki, jini na zuba a rigata. Sauran magina sun tafi cin abinci, shi kaɗai ne yake kwaɓa siminti. Ya ɗago ya ce, "Subhanallahi, me ya sami goshinka?" Na ɗauki rodi. Ya kare da hannun dama, na ji ƙashin ya ce ƙas, ban daina ba. Yana ƙasa yana cewa, "Ni ne fa! Habu ne!" ina ta maka masa, sai da hannuna ya gaji.

Bayan 'yan kwanaki Balaraben ya kira ni ya ba ni haƙuri, wai ma'aikatansa ba su san an daidaita ba. Ya ce, "Abokinka ya zo ya ajiye kuɗin aikinsa, ya roƙi in ƙara maka wata guda." Bai ma san da sauran katunan ba.

Habu ya gaya wa likita da jandarma cewa daga tsani ya faɗo. Da na je asibiti na durƙusa gaban gadonsa, ya juya fuska bango ya ce, "Ka biya su kan lokaci, kar nawa ya tafi a banza." Bai ƙara yi mini magana ba har ya koma gida. Yatsunsa ba sa riƙe cokalin gini har yau.

Na biya kowa. Yanzu kaya ake aiko mini ba a tambayar kati. Ina aika wa matarsa kuɗi ta hannun direbobi, ita kuwa tana yawo da sunana cikin dangi, wai ba a taɓa aboki irina ba. Wane irin mutum ne ake yabonsa kan wannan ya yi shiru?

Bayan salla zan je gida ɗaurin aurena, kuma innata ta riga ta sanar cewa Habu ne babban abokin ango. An ce da aka gaya masa, "To" kawai ya ce. In na faɗi gaskiya gaban iyayenmu, na yaye rufin da shi da kansa ya yi mini, wataƙila auren ma ya watse. In na yi shiru, zai zauna kusa da ni da wannan hannun ana yi mana addu'a. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?