Filin da Na Bar Maka a Takarda

Zuwa ga yayana, Malam Sabo,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan kabari ya yi maka yalwa. Shekara shida ke nan da mota ta kaɗe ka a kan babur a hanyar Shabu, aikinka kuwa yana nan cikin akwatina.

Ka tuna yadda kake zuwa rumfata a Bukan Sidi in an tashi makaranta, alli duk a rigarka, ka ajiye mini takardu in buga a tafireta? Ran da na ce ban gane komai ba, ka ja benci ka zauna. Ka ce akwai wani ɗan mitsitsin abu, niyutirino, da ke ratsa mutum da dutse bai tsaya ba. Iri uku ne, yana cikin tafiya sai ya rikiɗe daga wannan zuwa wancan. Abin da ya hana ka sakat shi ne, in ya gifta kusa da baƙin rami, mataccen tauraron nan da ko haske ba ya kuɓuce masa, ramin kuma yana juyawa, yana ɗauke da cajin lantarki, yaya jansa zai sauya wannan rikiɗar? Na ce mutane na neman taki, kai kana bin abin da ba a gani. Ka yi ta dariya.

Tafiretata ba ta da alamomin lissafinku. Sai muka yi yadda kowa ke yi: in buga bayanin, in bar fili, ka cike da biro daga baya. "Bar layi huɗu, Talatu." Ka ce sai an gama duka za ka cike, don tawadar ta zo iri ɗaya.

Yaya, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk shafin rubutun hannunka da na gama bugawa, kwandon shara nake jefa shi, kamar na kowa. Na ɗauka kana da wani. Bayan arba'in na birkice ɗakinka kaf, babu.

Bara na kai wa wani malamin jami'a. Ya daɗe yana juya shafukan. Ya ce tambayar mai kyau ce ƙwarai, amma ba lissafin, ba abin da zai iya yi. Da hannu biyu ya miƙo mini su, wallahi gara ya zage ni.

A shafin ƙarshe na buga cewa ga abin da muka gano, sannan layi shida fari fat. Ni na ƙirga su, kana tsaye a kaina kana murmushi, don kai ka san abin da zai zauna a wurin. Yanzu ba wanda ya sani, kuma ni na jawo.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sanar da kai abin da ka rasu kana nema. Ni dai ka yafe mini, don na kasa yafe wa kaina.

Ƙanwarka,
Talatu