Kwalaben Baban Sharon

Edmonton, Fabrairu

Yaya Jane,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙafar taki, yaya su Rwang da mutanen Bukuru?

Jikin maigidana, Baban Sharon, yana nan yadda na gaya miki. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, hannun hagu kawai yake motsawa, magana kuwa ba ta dawo ba. Shi Obadiah da ba a iya rufe masa baki a coci, yau da ido muke hira.

Ga abin da ya dame ni. Kin san ya daɗe yana haɗa giyarsa mai kumfa da zoɓo da tuffa. Kafin ya faɗi ya cika kwalabe domin auren Sharon, ya ce ran nan babu wanda zai ɗaga kofin giyar kanti a kan 'yarsa. Jiya na buɗe ɗaya a gabansa. Shiru, Yaya. Ko ɗan huci ba ta yi ba, kamar zoɓon da ya kwana. Ya juya fuska bango. Jawabin uban amarya ya riga ya kuɓuce masa, ba zan yarda wannan ma ya kuɓuce ba.

Ƙanwarki,
Tina

Edmonton, Maris

Yaya Jane,

Bayan gaisuwa, da fatan kin samu maganin da na aiko.

Na bi kwalaben nan ɗaya bayan ɗaya. Na duba robar murafen ko gas yana zurarewa, lafiyarsu ƙalau. Sharon ta ce wataƙila bai sa sukarin ƙarshe ba, wanda yisti ke ci ya ba da kumfa. Na ɗanɗana, zaƙin yana nan, babu abin da ya ci shi. Har na fara zargin ciwon ne ya ruɗa masa awo.

Na kai masa wata kwalbar. Ya taɓa ta, ya ɓata rai, sai ya ja ta da hannun nan guda ya cusa cikin bargonsa, ya rungume kamar jariri. Nan na gane sanyi ne ya yi musu yawa. Lokacin da yake asibiti, matan zumunta sun zo gyara mini gida. Da suka ji Fasto zai zo addu'a, suka kwashe kwalaben daga kusa da boiler, tukunyar ɗumama gida, suka jibge a waje a baranda, wai kada bawan Allah ya ga giya a gidan dattijon coci. A can suka ci hunturu, yistin ya yi barci. Raina ya ɓaci ƙwarai, don Faston nan da kansa ya sha kofi biyu bara.

Na girgiza su a hankali na mayar wurin ɗumi. Tasa kuwa ya hana a karɓa. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Tina

Edmonton, Mayu

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da addu'o'inku. An ɗaura aure a unguwar Abbey Wood lafiya.

Ban sake gwada ko ɗaya ba kafin ranar, tsoro ya hana ni. Da aka zo wurin jawabin uban amarya, Sharon ta tura kekensa na marasa lafiya tsakiyar fili, ta durƙusa da farar rigarta ta riƙe masa kwalbar nan ta bargo. Ya daɗe yana fama da wayar murfin. Ango ya miƙa hannu zai taimaka, na harare shi.

Ba ta yi ƙarar da ake ji a bukukuwan Turawa ba. Ɗan huci ne kawai, amma kowa ya yi tsit har na baya sun ji. Kumfa ta hau a hankali ta zubo masa a yatsu.

Sharon ta ce, "Daddy, na ji. Na ji duka."

Ya ɗora jiƙaƙƙen hannun a kanta, ya ɓata mata mayafi, ta ƙi a goge. Na yi kuka, Yaya, kukan da ban yi a asibiti ba.

Na ajiye miki kwalba ɗaya kusa da boiler. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Tina