Furar da Inna ta aiko

Baban Afra,

Na wuce makaranta. Ban tashe ka ba, don sai bayan asuba cikin naka ya daina murɗawa.

Kana barci Inna ta aiko da fura da nono daga Achika, kwano cike, wai kindirmo zai sanyaya maka ciki. Ka ji dai abin da likita ya ce: ciwon hanjin nan ba ya son nono da yaji, ba ya son damuwa. Wancan makon ka shanye don kada ranta ya ɓaci, sai da ka yi kwana biyu kana zaryar banɗaki.

Akwai farar shinkafa a kula, miyar babu yaji.

Na san za ta kira da hantsi. Don Allah kada ka tayar da hankalinka, kada kuma ka yi mata ƙarya. Ka ce an shanye, Allah ya saka da alheri.

An shanye ɗin kuwa. Ni na sha, a tsaye, har na suɗe kwanon. Ka yafe mini.

Ikilima