Kawu Ya Zo, Umma Ba Ta Gane Shi Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Umma tana ci tana sha, sai dai mantuwa kullum gaba take yi, shekaranjiya ma da sunan marigayiya Goggo ta yini tana kira na.

Yaya, nemi wuri ki zauna. Kawu ya zo! Ƙanen Umma dai, wanda ya tsaya gaban jama'a ranar rasuwar Kaka ya ce sakacinta ne ya kashe mahaifinsu. Shekara ashirin da shida ke nan, kuma kin san abin da take faɗa mana tun muna yara, wai ba ta da buri a duniya sai ta ji ya janye maganar nan da bakinsa. Ranar Talata da hantsi ina kan keken ɗinki a tsakar gida sai na ji sallama. Wallahi almakashi sai da ya suɓuce mini. Ya tsufa, ya rame, har da sanda.

Ya shiga ɗakinta ya durƙusa a bakin gado, ya ce ƙarya ya yi mata, ya san ita ta yi jinyar Kaka wata bakwai, kunyar rashin zuwansa ce ta sa ya ɗora mata laifi. Ya faɗi duk abin da ta jira, har da ƙari. Umma ta dube shi da fara'a, ta ce in kawo wa baƙo ruwa, sannan ta tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfo. Kawu ya fashe da kuka kamar yaro, ita kuma tana ba shi haƙuri, ba ta san na mene ne ba.

Tun daga ranar, ba a rabu da gardama a gidan nan ba. Babban Yaya ya ce zuwan banza ne, wadda take son jin maganar ta riga ta tafi, jikinta kawai ya rage, don haka Kawu nauyin kansa ya zo saukewa, kada a sake barinsa ya shigo. Auta kuwa, da yake aikin jinya take, ta ce ai Umma ba cewa ta yi tana son ta ji daɗi ba, so take a wanke ta daga zargin, kuma an wanke ta a gabanmu, ko ta sani ko ba ta sani ba. Ni na rasa inda zan tsaya. In mutum ya samu abin da ya nema bayan son abin ya fita daga ransa, wa aka ba? Ummar da, ko ta yanzu?

Jiya na saɓa wa Babban Yaya, na buɗe wa Kawu ƙofa. Suka yi ta hira da Umma, tana ba shi labarin wani ƙanenta mai tsoron awaki da take goyawa zuwa makaranta. Da zai tafi ta riƙe masa hannun riga, ta ce tunda yana yawo cikin gari, in ya gamu da yaron nan ya ce masa ya dawo gida, rana ta yi zafi, kuma bai ci komai ba. Kawu ya ce zai gaya masa. Da ƙyar ya iya kai ƙofa.

Don Allah ki kira Babban Yaya, maganarki kaɗai yake ji. Ni dai ba zan iya rufe ƙofar nan ba.

Ki gaishe da maigidan, da 'yan biyu, da takwarar Umma. Auta na gaishe ki. Ki sa mu a addu'a.

Taki ƙanwa,
Mai ɗinki